An ce gwajin ƙarin nonon Yayata "negative" ne har sau uku, me ya sa za a yi mata kemo?

"Assalamu alaikum, Likita. Yayata shekararta 41, 'ya'yanta shida. Wata biyu da suka wuce aka cire mata ƙari a nonon hagu a wani asibitin kuɗi a garinmu, aka ba mijinta abin da aka cire a kwalba, washegari ya kai asibitin koyarwa. Bayan sati uku takarda ta fito an rubuta 'invasive carcinoma NST, grade 3'. Aka ce sai an ƙara wani gwajin, muka harhaɗa kuɗi aka yi, ya fito ER negative, PR negative, HER2 negative. Mu mun ɗauka alheri ne, har sadaka muka yi. Sai likitan ya ce kemo za a fara mata, kuma ƙwayar da maƙwabciyarmu mai irin ciwon take sha kullum ba za ta yi wa Yaya aiki ba. Don Allah ka fahimtar da mu. Yaya za a yi ciwo ɗaya magani daban? Kuma zai yiwu an yi kuskure a gwajin?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Yaya lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya saka muku da alheri bisa tsayuwar da kuka yi a kanta. In na fahimce ki, abu biyu kike son sani: me takardun nan suke faɗa har maganin Yaya ya sha bamban da na maƙwabciyarku, sannan ko za a iya dogara da su. Irin wannan takarda ita ce aikina na kullum, domin ni likita ne mai duba naman da aka yanko daga jikin majiyyaci a ƙarƙashin madubi. Sai dai ban ga naman Yaya da idona ba, saboda haka bayani zan yi miki da shawarar abin da za ku tambaya. Hukuncin magani yana hannun likitan da ke riƙe da ita.

Abin da takardar farko ta faɗa

Idan kwalba ta iso wurinmu, mukan auna naman, mu shafa wa bayansa tawada, mu yayyanka shi, mu zaɓi wuraren da ke da muhimmanci. Inji ya kwana yana zuƙe ruwan jikinsu, a zuba musu narkakken kaki su daskare a ciki, sannan a fere su siriri ƙwarai, kamar kashi 4 cikin 1,000 na milimita, a ɗora a kan gilashi a rina da launi biyu, shuɗi da ruwan hoda. Wannan gilashin muke karantawa. Aikin kansa kwanaki kaɗan ne. Abin da ke ja shi ya kai sati uku shi ne ƙarancin masu karantawa, da ɗaukewar wuta, da yankewar kayan aiki.

Kalmomin 'invasive carcinoma' a takardar suna nufin sankara ce da ta fasa bututun da ruwan nono ke bi, ta shiga naman da ke kewaye. Haruffan NST kuwa suna nufin ba ta cikin nau'o'i na musamman masu kama ta daban. Kada wannan ya tsorata ku, ita ce aka fi samu, mafi yawan matan da ke da sankarar mama irinta suke da ita. Sunayen nan ba mu muka ƙirƙira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, ta hannun cibiyarta ta binciken sankara da ke birnin Liyon na Faransa, tana fitar da kundin da ya jera ire-iren ƙarin nono da yadda ake gane kowanne, kuma bugu na biyar ya fito a 2019. Amfaninsa shi ne abin da likita a Zariya ya kira da suna kaza, na Alkahira ko Landan ya san me ake nufi.

Lamba 3 ɗin ita ce ajin sankarar, wato yadda ƙwayoyinta suka yi nisa da kamannin na lafiyayyen nono. Tsarin da muke bi na wasu likitoci biyu ne a Notingham ta Ingila, Elston da Ellis, waɗanda suka gyara wani tsohon tsari na 1957 suka buga nasu a 1991. Abu uku muke dubawa, kowanne mu ba shi maki daga 1 zuwa 3: ko ƙwayoyin har yanzu suna ƙoƙarin jeruwa su yi bututu kamar na asali, da yadda cibiyoyinsu suka kumbura suka saɓa wa juna, da yawan waɗanda muka kama suna tsakiyar rabuwa gida biyu. Jimilla 3 zuwa 5 aji na ɗaya ne, 6 ko 7 na biyu, 8 ko 9 na uku. Aji na uku a madubi ba ya ɓuya: babu jeri, cibiyoyi manya-manya baƙaƙe, duk inda ka kai ido ga masu rabuwa. Mai saurin girma ce.

Mutane da yawa suna rikita aji da mataki, kuma wannan rikicin yana jefa iyalai cikin fargabar da ba ta kamata ba. Aji halin ciwon ne. Mataki kuwa nisan da ya yi ne: girmansa, ko ya kai kaluluwar hammata, ko ya tafi huhu, hanta ko ƙashi. Mace na iya samun aji na uku tana mataki na ɗaya. Matakin Yaya ba ya cikin takardun da kika kawo, sai an duba hammata an yi hotuna.

Alamomin nan uku

Sankarar mama ba ciwo ɗaya ba ce. Ciwuka ne da dama da suka haɗa wurin zama, kuma an daɗe ana hango haka. A 1896 wani likitan tiyata a Gilasgo mai suna George Beatson ya ba da rahoton cewa da ya cire wa wata mata mai sankarar mama ma'ajiyar ƙwanta, ƙarin ya motse. Amma da aka ci gaba da yin aikin sai aka ga wasu yana yi musu, wasu ba ya yi, ba a san dalili ba. Sai a ƙarshen shekarun 1950 Elwood Jensen a Shikago ya gano cewa a cikin wasu ƙwayoyin jiki akwai wani gurbi da sinadarin mata, estirojin, yake maƙalewa a jikinsa ya umarce su da girma. Wannan gurbin shi ne ER. Sankarar da ke da shi da sinadarin take rayuwa, in aka toshe mata shi sai ta galabaita. PR ɗan'uwansa ne, samuwarsa na nuna cewa wancan yana aiki.

Ƙwayar da maƙwabciyarku take sha, ina kyautata zaton tamoxifen ce ko wata 'yar'uwarta, aikinta ke nan, toshe wannan hanyar. Babban binciken da ya tattara sakamakon dubban mata, wanda aka buga a 2011, ya nuna shan ta shekara 5 yana rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku ga masu ER, amma ga marasa shi kusan babu abin da take tsinanawa. Ga ta kuma da nata illolin, kamar daskarewar jini a jijiya da kaurin bangon mahaifa. Don haka ina roƙonku kada tausayi ya sa a ɗebo ta maƙwabciya a ba Yaya.

HER2 wani abu ne daban. A 1987 Dennis Slamon da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa sankarar da ta tara shi fiye da kima ta fi saurin dawowa. Daga nan aka ƙera allurar trastuzumab da ke farautarsa, aka amince da ita a 1998, kuma ta juya labarin matan da ke da irin wannan. Kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ne suke da shi.

Yadda muke neman alamomin shi ne mu sake fere wannan naman da ke cikin kaki, mu zuba masa wani sinadari da ba ya kama komai sai alamar da ake nema. In tana nan wurin ya rine ya koma ruwan ƙasa, in babu ya tsaya shuɗi. A ER, ko da kashi 1 cikin 100 na cibiyoyin ne suka rine, mun ce akwai. HER2 kuma maki muke ba shi daga 0 zuwa 3: 3 akwai, 0 da 1 babu, 2 kuwa shakku ne, sai an ƙara wani gwaji mai ƙirga ƙwayar gadon kanta. Saboda haka abin da takardar Yaya ta biyu take cewa ba "babu ciwo" ba ne. Cewa take yi akwai ciwo, amma babu ɗaya daga cikin hanyoyi ukun da magungunan nan na musamman suke bi su kama shi. Babban abin da ya rage shi ne kemo, wato maganin da ke bin jini yana kashe ƙwayoyin sankara, da tiyata, da gasa wurin da hasken inji in ya kama.

Na san wannan ba shi kuka so ji ba. Irin wannan sankarar ta fi zafi a shekarun farko, kuma in za ta dawo ta fi dawowa cikin shekara 3. Amma akwai ɗaya gefen da ba a cika faɗa wa iyalai ba. Kemo masu saurin rabuwa yake kashewa, don haka wannan nau'in yana cikin waɗanda suka fi jin sa. Na sha karɓar nonon da aka cire bayan an gama kemo, in yayyanka wurin da ƙarin yake, in bi gilashi bayan gilashi ban sami ƙwaya ɗaya mai rai ba, sai tabo kawai. Matan da aka samu haka a kansu suna da kyakkyawan fata sosai. Kuma in mace ta haura shekara 5 lafiya, haɗarin dawowarsa yana raguwa ƙwarai, saɓanin mai ER wadda takan iya waiwayowa bayan shekara 10 ko fiye.

Zai yiwu an yi kuskure?

Zai yiwu, kuma wannan ce tambayar da na fi so ku riƙe. Abin da ya tsaya mini a wasiƙarki shi ne kwalbar da ta kwana a hannun mijinta. Me ke cikinta? Duk macen da ta taɓa barin ɗanyen nama a kicin a watan Afrilu ta san abin da 'yan sa'o'i ke yi masa. Naman mutum ma haka ne, daga lokacin da aka raba shi da jini ya fara lalacewa, kuma alamar ER tana cikin abubuwan da ke saurin gushewa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin sankara da na masu binciken nama na Amurka suka fitar a 2010 ta ce a tsoma naman cikin fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, kafin awa 1 ta cika, kuma ya zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Ruwan ya ninka naman kamar sau 10. Fomalin ba ya sauri, wajen milimita 1 yake ratsawa a awa, don haka babban ƙari in ba a tsaga shi ba, bayansa zai kamu, cikinsa ya ruɓe.

Abin da ke iso mana sau da yawa ya saɓa wa wannan. Nono guda a cikin bokitin fenti, ruwan bai kai rabinsa ba. Ƙari a kwalbar da bakinta ya yi masa kaɗan, an cusa shi da ƙarfi. Wani a ruwan gishirin ƙarin ruwa, wani a sifirit, wani a fomalin da aka tsinka har warinsa ya tafi. In na sa wuƙa sai in ji bayan da tauri, tsakiyar kuwa ta yi laushi tana narkewa a kan allo. A madubi cibiyoyin sun dushe kamar an shafa su. Irin wannan naman zai iya cewa "babu" alhali akwai, kuma sakamakon haka shi ne a hana mace ƙwaya mai arha wadda za ta iya ƙara mata shekaru. Wannan abu yana ci mini rai, domin ba kayan aiki masu tsada ne suka gagara ba, ruwa ne da kwalba mai faɗin baki da mutum ɗaya da zai kula da agogo.

Matsalar ta shafi har binciken kimiyya. A 2008 Clement Adebamowo da abokan aikinsa a Ibadan, waɗanda suka kula da yadda ake adana naman tun daga ɗakin tiyata, suka sami kusan kashi 65 cikin 100 na matan da suka gwada suna da ER. Shekara guda bayan haka ayarin Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago ya buga bincike a kan mata sama da 500 daga Najeriya da Senegal, inda masu ER ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba. Tazarar ta yi yawa. Wani nazari na 2014 da ya tattara binciken Afirka ya lura cewa inda aka tattara nama sabo da kulawa an fi samun ER fiye da inda aka koma ga tsofaffin ajiya. Ra'ayina shi ne duka biyun akwai gaskiya a ciki: nau'in Yaya ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da na Turai, musamman da yake yawancin majiyyatanmu ba su tsufa ba, amma wani kaso na "babu" ɗin da muke rubutawa laifin kwalba ne.

Akwai hanyar ganewa. A kusa da sankara galibi akan sami 'yan bututun nono masu lafiya, kuma su a ɗabi'arsu wasu daga ƙwayoyinsu suna da ER. Su ne shaidunmu. In na duba gilashi na ga sankarar ta tsaya shuɗi amma lafiyayyun bututun da ke gefenta sun ɗigo ruwan ƙasa, hankalina ya kwanta, gwajin ya yi aiki, "babu" ɗin gaskiya ce. In kuwa har su ba su rine ba, ba na sa hannu a kan "babu", sai in rubuta cewa ba a iya yanke hukunci ba, a sake. Abu na biyu shi ne ko sakamakon ya dace da kamannin ciwon. Aji na ɗaya, ko nau'in nan da ƙwayoyinsa ke tafiya layi ɗaya a jere, kusan kullum suna da ER, don haka in suka ce babu sai mu yi zargi. Na Yaya kuwa, aji na uku a mace 'yar shekara 41, ya dace da abin da aka rubuta. Shi ya sa na fi karkata ga cewa sakamakon daidai ne. Amma karkata ba tabbas ba ce, tambayar kuma ba ta da tsada.

Abin da zan yi da ni ne a matsayinku

Ku koma da takardar ku roƙi likitan ya tambayi wanda ya karanta gilashin ko lafiyayyun bututun sun rine, kuma ko naman ya iso da kyau. In akwai shakka, wancan kakin da naman ke ciki yana nan a ajiye, yakan yi shekaru bai lalace ba, kuma ana iya neman a ba da shi a kai wani ɗakin gwaji a sake dubawa. Ba raini ba ne ga kowa, mu kanmu muna miƙa wa juna gilashi. Ku tambayi makin HER2 ɗin kuma, 0 ne ko 1, domin tun 2022 aka sami maganin da ke taimakon masu ɗan kaɗan ɗinsa idan ciwon ya bazu, ko da yake tsadarsa ta fi ƙarfin yawancinmu.

Sai maganar gefen naman. Tawadar da na ce muna shafawa amfaninta shi ne mu ga ko sankarar ta taɓa inda wuƙa ta bi. In ta taɓa, an bar saura a jiki. Ƙarin da aka cire ba tare da an san mene ne ba sau da yawa haka yake fitowa, wani ma gunduwa-gunduwa ta yadda ba a iya sanin gefensa. Don haka kada ku yi mamaki in an ce za a sake aiki, ko a duba hammata. In aka sake kuma aka sami sauran ciwon, dama ce ta maimaita gwajin nan uku a kan naman da aka adana yadda ya kamata. Ku faɗa wa likitan tiyata wannan buƙatar tun kafin ranar.

Duk wannan a yi shi kemo na tafiya. Wata biyu sun riga sun wuce, kuma bincike ya nuna jinkirin da ya haura kwana 90 bayan tiyata yana rage nasara, musamman a wannan nau'in. Ko da an sake gwaji ER ya fito akwai, da wuya hakan ya ɗauke wa mai aji na uku a shekarunta kemo, sai dai ya ƙara mata ƙwaya bayansa. Za ku ji masu cewa daji ba ya son ƙarfe, allura ce ke tunzura shi. Abin da nake gani a kan allona shi ne nonon matan da suka yi wata 8 ko shekara ana shafe-shafe da turare, suka zo ya riga ya fashe. A yi addu'a, a yi sadaka kamar yadda kuka yi, a kuma je asibiti ranar da aka sa.

Akwai maganar da ta shafe ki ke kanki da sauran 'yan'uwa mata. Wannan nau'in, in ya zo wa mace da sauran ƙuruciyarta, yakan sa mu tuna da gado, musamman matsala a ƙwayar gadon da ake kira BRCA1. Wani bincike a Ibadan da aka buga a 2018, a kan mata sama da 1,100 masu sankarar mama, ya sami kusan kashi 11 cikin 100 suna ɗauke da matsalar BRCA1 ko BRCA2. Ba kowa ba ne, mafi yawa ba su da ita, amma adadin ya isa a tambaya. Gadon yana biyowa ta wajen uba kamar yadda yake biyowa ta wajen uwa, don haka ku bincika har gwaggonni: wa ta yi ciwon nono, wa ta rasu da kumburin ciki da ba a gane ba? Na ambaci ciki ne saboda wannan gadon yana kawo sankarar ma'ajiyar ƙwai. A nan ma madubi ne ya gyara mana fahimta. Da masu bincike suka riƙa yayyanka bututun ƙwai na matan da aka cire wa don rigakafi, a farkon shekarun 2000, sai suka tarar yawancin mafi munin wannan sankarar daga bakin bututun take farawa, ba daga ma'ajiyar ba. Shi ya sa yanzu in za a yi wa mai wannan gado aikin rigakafi bayan ta gama haihuwa, ake cire su tare.

Gwajin gadon akwai shi amma da tsada, kuma Yaya ce ya kamata a fara yi wa, ba ke ba. In bai samu ba, ki gaya wa likitanki tarihin gidanku don ya tsara miki lokacin fara hoton nono tun kafin shekarun da ake fara wa sauran mata. Idan kuma wata a cikinku ta ji ƙullutu, ta nemi a ɗauki ɗan samfur da allura mai kauri a gwada kafin a yanka. Siririn naman allura yana kamuwa da fomalin nan da nan, ana iya yin gwajin nan uku a kansa, kuma likitan tiyata zai shiga aiki ya san ko kemo ya kamata ya riga wuƙa da kuma faɗin da zai yanka.